Yadda ake rage ƙarar fankokin sabar

Da sabar, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, ta fara ihu, yawancin sababbin shiga sai su ruga sayen fankoki marasa ƙara. Ka dakata tukuna. Ba fanka ce ke zaɓa wa kanta gudu ba. Akwai wata 'yar kwamfuta a jikin babban allo da ake kira BMC, a Dell sunanta iDRAC, a HP kuma iLO. Ita ke karanta zafi ta ba fankoki umarni, kuma duk abin da ya shige mata duhu, sai ta sake su da iya ƙarfinsu. Don haka aikinka na farko shi ne gano abin da ya tsorata ta.

Shiga shafin BMC ka duba zafi da gudun kowace fanka, ko ka buga umarnin ipmitool sensor (ipmitool manhaja ce ta magana da BMC). Ƙarar minti ɗaya ko biyu bayan kunnawa ba komai ba ce. Idan ta ƙi sauka, duba ko murfi ya rufu sosai, ko fanka ɗaya ta mutu har sauran suna biyan bashinta, ko an cire robar da ke karkata iska zuwa kan CPU. Hure ƙura, amma ka riƙe fiffiken fankar da yatsa kada iska ta juya ta. Idan sabar ta kwana biyu, sauya man da ke tsakanin CPU da ƙarfen sanyaya shi. Kuɗinsa kaɗan ne.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne baƙin kaya. Ka sa wa Dell katin PCIe, wato katin ƙari da ake sokawa a babban allo, da ba nata ba, ko ka sa wa HP faifan ajiya da ba ta sani ba, sai ta kasa karanta zafinsa, ta ɗauka yana ƙonewa. Zafi a ƙasa, fankoki a sama. Cire abin da ka ƙara, ka sake kunnawa. In ta yi shiru, ka kama ɓarawon. Ni dai a HP ba na jayayya, sauya faifan nake yi.

A tsofaffin Dell irin su R720 da R730 kana iya karɓe ragamar da hannu. Buga ipmitool raw 0x30 0x30 0x01 0x00 don karɓe iko daga iDRAC, sannan ipmitool raw 0x30 0x30 0x02 0xff 0x14, wato gudun fanka kashi 20 cikin ɗari. Sai dai daga nan zafi ko ya hau, fanka ba za ta ƙara gudu ba. Kada ka tafi ka bar ta haka. Rubuta ɗan shirin da zai riƙa duba zafi, in ya doshi digiri 75 ya mayar wa iDRAC iko da 0x30 0x30 0x01 0x01. Sababbin manhajojin iDRAC9 sun toshe wannan hanya.

Sauya fanka shi ne na ƙarshe. A sabar kamfanin Supermicro, fanka mai juyawa a hankali irin ta kamfanin Noctua tana faɗuwa ƙasa da iyakar da BMC ta sani, sai BMC ta zaci fankar ta mutu, ƙara ta riƙa hawa da sauka. Sauke iyakar da ipmitool sensor thresh. Sabar 1U kuwa, wato siririyar da ake jerawa a kanta, fankokinta masu milimita 40 sukan wuce juyi 10,000 a minti, kuma babu dabarar da za ta mayar da su shiru. In a ɗaki za ka ajiye, nemi 4U, mai kaurin 1U huɗu, ko mai tsaye.