Yadda Na Hana Land Rover Rawa a Bayan Tirela

Tsohuwar Land Rover na saya a Legas, don sha'awa kawai, na ɗora ta a tirela zuwa Kano. Kafin mu kai Ibadan ta zame taku guda, bambarta har ta goge fentin tirelar.

Ashe a bamba yaran mota suka ɗaura sarƙa. Duk ramin da aka faɗa sai sifirin Land Rover ɗin ya lotsa, sarƙar ta saki.

Na ce wa direban tirelar, "Maigida, mu tsaya." Muka kwance, muka ɗaure ta a ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, gaba da baya, muka sa waigi na katako a kowace taya, na ja birkin hannu. A Jebba muka ƙara tamkewa. Ramukan Mokwa ma ba su motsa ta ba.