Yadda za ka gane wanda ake nufi in manyan mutane biyu takwarori ne

Abu na farko, kar ka rubuta suna zalla a Google ka danna. Injin bincike bai san wa ke ranka ba, wanda ya fi tashe kawai zai jefo maka. Ka haɗa sunan da sana'ar mutumin. In ka rubuta Michael Jordan zalla, tsohon ɗan ƙwallon kwando na Chicago Bulls za ka gani, alhali akwai Michael B. Jordan ɗan fim, akwai kuma Michael I. Jordan farfesan kwamfuta a jami'ar Berkeley ta Amurka, kaga wannan harafin na tsakiya da muke raina shi shi ne ya raba su ukun, don haka in ka gan shi kar ka tsallake.

Sai shekara, kuma ni a ganina ita ce ta fi komai aiki. Sana'a tana iya yaudararka, shekara kam da wuya. Misali a ce maka "gwamnan Babban Bankin Najeriya Sanusi ya ce kaza", kowa hankalinsa zai tafi kan Sanusi Lamido Sanusi wanda ya riƙe bankin daga 2009 zuwa 2014, amma fa kafin shi an yi Joseph Sanusi, ɗan jihar Ondo, shi ma gwamnan bankin ne daga 1999 zuwa 2004, suna ɗaya kujera ɗaya, to in ba ka duba ranar da aka buga labarin ba ta ina za ka raba su? Haka Muhammad Ali. In rubutun yana maganar Masar da 1805, to Muhammad Ali Pasha ne mai mulkin Masar, ba ɗan damben Amurka da aka haifa a 1942 ba. Ronaldon da ya ci wa Brazil ƙwallo biyu a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2002 shi ma daban yake da Cristiano na Portugal, lokacin Cristiano shekararsa 17 kacal.

Sarakuna sun fi sauƙi, akwai lamba. Muhammadu Sanusi na ɗaya ya sauka daga sarautar Kano a 1963, na biyu jikansa ne, ya hau a 2014.

Inda abin ya fi muni shi ne labarin rasuwa, dan Allah a nan ka tsaya. A 2024 an wayi gari ana yaɗa cewa Ibrahim Babangida ya rasu a haɗarin mota, kuma gaskiya ne, sai dai ba Janar ɗin da ya mulki Najeriya daga 1985 zuwa 1993 ba ne, tsohon ɗan ƙwallo ne, ƙanin Tijani Babangida tsohon ɗan wasan ƙungiyar Ajax. Mai karanta kanun labari kawai ya tura a WhatsApp shi ke fara ɓata lamarin, wani ma har ya manna hoton wanda yake raye ya rubuta Allah ya jiƙansa a ƙasa. Ka buɗe labarin ka karanta sakin layi na farko, galibi nan ake faɗin shekarun mamaci da aikinsa da garinsu. Hoton ma kar ka yarda da shi haka nan, ka sa shi a Google Lens ka ga daga inda aka ɗauko shi.

A Wikipedia kuma ka riƙa duba ɗan layin da ke saman shafi, sau da yawa yana kai ka jerin duk masu wannan sunan, kowa da shekarar haihuwarsa da sana'arsa.

In kai ne mai rubutun, ka taimaki mai karatu tun a ambaton farko. Kar ka ce "Abubakar ya ce" ka wuce, Atiku kake nufi ko Abdulsalami ko Sarkin Musulmi Sa'ad? Ka rubuta cikakken suna da muƙami sau ɗaya, daga nan ka gajarta yadda kake so.