Kurakuran da ke kashe batir da inbata a gida, da gyaransu

Da zafin Maris da Afrilu ya kankama a Birnin Kebbi, sai ƙorafin batirin jabu ya yawaita. Akwai jabu a kasuwa, amma yawancin batiran da ke mutuwa da wuri a gida aka kashe su.

Abin da ya fi yawa shi ne ɗora wa inbata kayan da suka fi ƙarfinta. Mai 1.5kVA galibi wat 1,200 take ɗauka. Dutsen guga kaɗai yana cin wat 1,000, hita kuwa har 2,000. A sa mai wayarin ya ware layin inbata daban: fitilu, fanka, talabijin da soket ɗin caji. Guga da hita su tsaya a layin NEPA.

Firiza tana yaudarar mutane. An rubuta wat 150 a jikinta, amma lokacin da kwamfuresa ke tashi takan fizgi ninki uku zuwa biyar, shi ya sa inbata ke yin ƙara ta ɗauke. A bar mata wannan rarar a lissafi. Idan kuma fanka na gurnani a kan inbata, wutarta ba tsaftatacciya ba ce, kuma za ta gasa injin firij. A nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta.

Sai tatse batir har ƙasa, wanda shi ne ya fi ɓarna. Batirin ruwa mai 200Ah, 12V yana riƙe wat-awa 2,400, amma rabi kawai ya halatta a ci. In an cire abin da inbata ke ɓatarwa, kusan 1,000 ya rage. Fanka biyu, talabijin da fitilu, a ce wat 250, awa huɗu ke nan. Mai son kwana da fanka ya ƙara batir ko ya rage kaya. Mita ta nuna 12.1V bayan batir ya huta, to an kai rabi, a tsaya. Cajinsa kuma kusan 20A ya dace, wato sai awa shida ko bakwai kafin ya cika. Inda wuta ba ta daɗewa haka, farantansa kan yi farin gishiri ya daina riƙe caji, don haka a cike giɓin da sola ko janareto. Kada a haɗa sabon batir da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Batirin ruwa digiri 25 yake so, kuma duk ƙarin digiri 10 na rage kusan rabin rayuwarsa. Sito mai rufin kwano a rufe bai dace ba, balle batirin yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta lokacin caji. A duba ruwansa duk wata, a ƙara tataccen ruwan batir. Ban da na burtsatse, ban da asid.

Kayan wat 1,000 a kan 12V suna jan kusan 100A, siririyar waya za ta narke. A sa mai kaurin 35mm², gajera, da fiyus kusa da kan batir mai alamar +. Kuma don Allah kada a cusa wutar inbata a soket ɗin bango da waya mai filogi biyu. NEPA na dawowa inbata ta ƙone, kafin nan ma wutar na iya komawa layi ta kama ma'aikacin da ke kan fal. A sa canjoba, wato makunnin da ke sauya gida tsakanin wutar NEPA da ta inbata ba tare da sun haɗu ba.