Daga tukunya har igama: kurakuran sabon zuwa Jidda

Wani ƙanina ya sauka Jidda da digirinsa na injiniya, ko wata bai yi ba ya kira ni wai Yaya tuwo ya ƙi kamawa, aikin da yake yi kuma direban gida ne. Na ce bari in rubuta, don ba shi kaɗai ba ne.

Tuwo tukuna. Basmati ka sa ko? Ita fa ta kabsa ce, dafa-dukar nan ta Saudiyya, warwarewa take yi, ko kwana za ka yi kana tuƙi ba za ta haɗe ba. Nemi shinkafar Masar, gajeriyar nan da suke cewa ruz masri, ka jiƙa ta, ka cika ruwa ta dahu luguf sannan ka sa muciya. Kuka kuma kar ka juye ta wuta na ci, gudaji za ta yi, rage wutar ka dinga barbaɗawa kana burgawa. Kazar firiza ma ba kazar gida ba ce, kafin ka ankara ta dagargaje, sai a ƙarshe ake sa ta.

To maganar aiki, nan ne ake kuka da hawaye. Ni ban ga laifin mai digiri ya fara da ƙaramin aiki ba wallahi, matsalar ita ce "in na shiga zan canza" da ejan ke gaya wa mutane. Mihna, wato sana'ar da aka rubuta a igamarka (katin izinin zama a Saudiyya), ita ce kai a idon hukuma. In aka sa direban gida to kana cikin ma'aikatan gida, kuma sauƙin nan da aka kawo a watan Maris 2021, na barin kafili, wato ubangidan da ya ɗauke ka aiki, bayan shekara ɗaya ko bai yarda ba, bai haɗa da su ba. In dai ƙaramin aikin za ka yi gara na kamfani ko da sito ne, kwantiragin ya fito a Qiwa, shafin gwamnati na harkar ƙwadago, ka karanta albashi da mihna kafin ka amince.

Sai takardu. Mutum zai taho da satifiket ba tambarin ma'aikatar ilimi, ba na harkokin waje, ba na ofishin jakadancin Saudiyya, ya zo nan yana neman wanda zai yi mishi zirga-zirga a Abuja. Injiniya sai ya yi rajista da hukumar injiniyoyi ta Saudiyya, nas da likita kuma sai an tantance takardunsu ta kamfanin tantancewa na Dataflow. Kuma ka daina ɓata lokaci a shagunan waya, tun 2016 aka keɓe wa 'yan ƙasa sayarwa da gyara. Aiki da bizar Umra kuwa ba sai na faɗa ba, tarhil ne, wato a tasa ƙeyarka gida.

Ƙanin nawa dai yanzu Larabci yake koyo da daddare yana jiran takardunsa. Jiya ya turo min hoton tuwo, ya kama, sai dai miyar har yanzu da gudaji.