Yadda Za Ka Koya wa 'Yan Firamare Rayuwar Cikin Ruwa da Kududdufin Unguwa

Yaron da ya tashi a Hadejia ko Nguru ya san tarwaɗa da karfasa tun kafin ya iya rubuta sunansa. Amma da ya shiga aji, sai a zana masa kifi a allo a ce ya haddace. Ni dai a ganina, malamin da ke da kududdufi ko rafi kusa da makaranta bai da dalilin tsayawa ga alli kawai. Ga yadda za ka yi.

Da farko, zaɓi lokaci da wuri. Ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, shi ya fi, domin ruwa ya kwanta kuma halittu sun yawaita. Je ka duba wurin kai kaɗai tukuna, ka nemi gefen da ba zurfi ba santsi. Sanar da shugaban makaranta da iyaye, kuma ka samu wani babba ya raka ku.

Na biyu, kafa doka ɗaya da ba sassauci a kanta: babu mai sa ƙafa ko hannu a ruwan. Wannan ba tsoratarwa ba ce. Ƙwayar tsargiya tana girma ne a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fatar mutum ko da babu rauni. Yara da yawa suna fitsarin jini, iyayensu na ɗauka alamar girma ce. Idan ɗalibanka suka koma gida da wannan sanin kaɗai, fitar ta biya. Kai ne za ka ɗebo, da ludayi ko rariya da aka ɗaure a doguwar sanda.

Na uku, ɗebo ka zuba a farar roba mai faɗi. Fari na ce, saboda a baƙar roba ba za a ga komai ba. Kamfato daga wuri uku: saman ruwa, ƙarƙashin kainuwa ko bado, sannan taɓon ƙasa. Bar shi ya natsu na minti biyar. A nan ne ajin zai yi tsit, daga baya ya kaure da ihu. Za su ga tsutsar sauro tana lanƙwashewa tana hawowa sama shan iska, da 'ya'yan kwaɗi masu jela, wataƙila har da ɗan mazari, wanda yake rayuwa cikin ruwa yana cin tsutsar sauro kafin ya yi fiffike. Kada ka yi saurin faɗa musu suna. Kowa ya zana abin da ya gani, ya ƙirga ƙafafu, ya faɗi yadda yake tafiya. Sunan ya zo daga baya, na Hausa kafin na boko.

Na huɗu, ku haɗa ƙaramin kududdufi a aji. Babbar kwalba ko robar da ake ganin ciki, yashi da tsakuwa a ƙasa, ruwan kududdufin nan, ɗan gansakuka, da 'ya'yan kwaɗi kamar biyar, kada su wuce haka. Ban da ruwan famfo, maganin da ke cikinsa yana kashe su. Rufe bakin da yankin tsohon gidan sauro, domin cikin mako ɗaya zuwa biyu tsutsar nan za ta zama sauro. A ajiye inda haske ke shiga amma rana ba ta duka. Kowace safiya yara biyu su duba su rubuta abin da ya sauya. Ranar da ƙafafun baya suka fito wa ɗan kwaɗo, za ka ga wanda bai taɓa ɗaga hannu ba yana tambaya.

Idan da hali, ku yi matatar ruwa: yanke gindin gorar roba, kifa ta, jera tsumma, gawayi, yashi da tsakuwa, a zuba ruwa mai laka. Zai fito garau, sai dai ka jaddada musu cewa ba na sha ba ne, ƙwayoyin cuta suna nan.

Na biyar, gayyato masunci, in da Sarkin Ruwa a garinku ma ya fi. Bari ya ba su labarin gaiwa, wadda take binne kanta cikin taɓo idan ruwa ya ƙafe, ta yi watanni tana jiran damina. Ya gaya musu yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadejia da Nguru, har kwalekwale ya kasa wucewa. Daga nan sai ka zana musu a ƙasa yadda ruwan ke tafiya: daga Dam ɗin Tiga da na Challawa zuwa Kogin Hadejia, ya haɗu da na Jama'are, ya bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi, wanda ya ragu ƙwarai daga girman da yake da shi a shekarun 1960.

Da zarar jelar kwaɗin ta fara shanyewa, ba za su iya zama cikin kwalba ba kuma. Ku ɗauke su tare da yaran, ku mayar da su daidai gefen da aka ɗebo su, sannan kowa ya wanke hannu da sabulu.