Yadda Za Ka Kare Katin Shaidarka da Lambarka Daga Masu Sojan Gona

Kalmar sirri in ta fita, minti biyu ya ishe ka ka canza ta. Katin banki in ya ɓace, sai a toshe shi a ba ka sabo. Lambar shaidarka ta ɗan ƙasa kuwa, a yawancin ƙasashe da ita za ka rayu har ƙarshen rayuwarka, haka ma ranar haihuwarka da zanen yatsunka. Duk hannun da suka shiga, sun shiga ke nan.

Tushen matsalar shi ne an ɗora wa lamba ɗaya aiki biyu da ba sa haɗuwa. An ƙirƙire ta don ta zama kamar suna, a bambanta ka da takwarorinka a cikin rajista, sai kuma hukumomi da kamfanoni suka mayar da ita makulli, wai duk wanda ya iya karanto ta to shi ne mai ita. A Amurka an fara raba lambar inshorar ma'aikata mai alƙaluma 9 a 1936, kuma daga 1946 zuwa 1972 a jikin katin an buga ƙarara cewa ba na tantance mutum ba ne. Bankuna da asibitoci da makarantu ba su saurara ba. Da aka yi wa Equifax, kamfanin ajiye tarihin bashi, kutse a 2017, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita, har da waɗannan lambobin. Irin wannan ɓarna ba ta hannunka, ba kuma ka da yadda za ka yi da ita. Abin da ke hannunka shi ne kwafe-kwafen da kake rabawa da kanka, kuma a kansu mafi yawan wannan bayani zai tsaya.

Mataki na 1: Ka san abin da katin yake faɗa a kanka

Ɗauko katin ka dube shi gaba da baya kamar yau ka fara ganin sa. Akwai suna da hoto da ranar haihuwa da sa hannu, wani ma har da adireshi. A wasu ƙasashe lambar kanta tana tona asiri. Ta Afirka ta Kudu alƙaluma 13 ce, shida na farko ranar haihuwa ne, huɗu na gaba suna nuna namiji ne ko mace. Ta China mai 18 tana ɗauke da lambar yanki da ranar haihuwa. Ta Indiya mai 12, wato Aadhaar, da gangan aka yi ta ba ta nuna komai.

Sai ka duba ƙasan fasfo ko bayan kati, inda za ka ga layukan haruffa da lambobi cike da alamar <<<. Na fasfo layi biyu ne, kowanne da gurbi 44, na kati kuma galibi layi uku masu gurbi 30. Na'ura ce ke karanta su, kuma sunanka da lambar takardar da ranar haihuwarka duk an maimaita su a ciki. Mutane da yawa sukan rufe lambar da ke sama da yatsa su ɗauki hoto, su bar waɗannan layuka a fili, sun yi aikin banza ke nan. Haka ma murabba'in nan mai ɗige-ɗige da ake haskawa da waya, shi ma rumbun bayananka ne.

Mataki na 2: Kafin ka miƙa, ka yi tambaya

Nan ne aka fi yin sakaci, domin kunya. An ce maka "kawo katinka", sai ka ga kamar rashin ladabi ne ka ce don me. Ba rashin ladabi ba ne. Tambaya uku ce kawai: me za a yi da shi, wace doka ce ta ce a karɓa, kuma har yaushe za a ajiye shi?

Ka kuma bambanta abu uku da ake cakuɗawa: nuna kati, rubuta lamba, da ɗaukar kwafi. Mai gadin ƙofar wani gini yana so ya tabbatar fuskarka ta yi daidai da sunan da ka faɗa, to kallo ya wadatar. Banki ko wurin da zai ɗauke ka aiki, doka kan wajabta musu su ajiye bayananka, wannan babu gardama. Amma wurin motsa jiki, ko mai ba da hayar kaya, ko wani shafin intanet da ya ce ka ci kyauta, me ya haɗa su da kwafin katinka gaba da baya?

Ga yadda takan kaya a teburin karɓar baƙi na masauki:

"Ranka ya daɗe, katin za mu ɗauki hotonsa."

"Ga shi ki duba, ki rubuta abin da takardarku ta nema. Hoton dole ne?"

"Haka muke yi wa kowa."

"Na gane. A wayar wa za a ɗauka, ta masaukin ko taki?"

Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, don amsar ita ce wayar ma'aikaciyar, wadda gobe za ta iya barin aikin ta tafi da hotunan katunan baƙi. Ba sai ta kasance mai mugun nufi ba, wayar ma ana iya sacewa. Ɓarna daga cikin gida ba sabon abu ba ne: a Koriya ta Kudu a 2014 an gano cewa wani ma'aikaci guda ya kwashe bayanan masu katin bashi kimanin miliyan 20 a ɗan ƙaramin ma'ajin da ake soka wa kwamfuta, ya sayar.

In akwai wata takarda mai ɗauke da bayani kaɗan da za ta biya buƙata, kamar katin wurin aiki, ita za ka fara miƙawa. Kada kuma ka bar katinka jingina a hannun kowa.

Mataki na 3: In kwafin ya zama dole, ka lalata shi ga ɓarawo

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne amfani a ganina, kuma bai fi minti ɗaya ba. Kwafi mai tsabta, wanda ba a rubuta komai a kansa ba, ana iya kai shi ko'ina: a buɗe asusu, a yi rajistar layin waya, a ci bashi da sunanka. Wanda aka yi wa rubutu kuwa wuri ɗaya yake da amfani.

Ka sa biro ka rubuta a gicciye, rubutun ya ratsa ta kan hoton da bayanan ba tare da ya hana karanta su ba: "Kwafi ne, don neman hayar gida kawai, an bai wa wane, ranar kaza." Kada ka rubuta a farin gefen takarda, almakashi zai raba shi da ita. Sannan ka rufe duk abin da mai karɓa ba ya buƙata, musamman lambar da sa hannun da layukan nan na ƙasa. Gwamnatin Holan har manhaja ta yi wa 'yan ƙasarta don wannan aiki, mai suna KopieID, tana toshe lambar ta kuma shimfiɗa dalili da kwanan wata a kan hoton. A Indiya ana iya sauke katin da aka ɓoye alƙaluma 8 na farko, 4 na ƙarshe kaɗai ke fitowa, akwai kuma lambar wucin gadi mai 16 da mutum zai bayar a madadin ta ainihi. Ka bincika ko hukumar ƙasarka tana da irin wannan.

In ta waya za ka aika, akwai tarko. Alƙalamin shafa launi na cikin waya sau da yawa ba ya rufewa ruf, in aka ƙara hasken hoton sai rubutun ya bayyana. Abin da ya fi tabbas shi ne ka yanki 'yar takarda ka ɗora a kan wurin kafin ka ɗauki hoton. Abin da kyamara ba ta gani ba, babu gwanin da zai fito da shi.

A wurin yin fotokwafi kuma ka tsaya a kan aikinka. Kwafin da ya fito da duhu ko a karkace, wanda ake jefawa kwando, karɓe shi ka tafi da abinka. In an tura hoton kwamfutarsu don a buga, ka ga an goge a gabanka. Manyan injunan ofis da yawa suna da ma'ajin da ke riƙe hoton abin da aka kwafa, don haka injin da ka san mai shi ya fi.

Mataki na 4: Ka share sawunka

Buɗe wayarka ka nemi hotunan katinka. Za ka same su a ma'ajin hotuna, da saƙonnin WhatsApp da ka tura wa ɗan'uwa shekarun baya, da akwatin imel na abubuwan da ka aika. Goge su, ka kuma bi su kwandon shara na wayar, domin a can sukan zauna kwana 30 ko fiye. In kana son ajiye kwafi don ɓacin rana, sa shi a jakar da ke da kalmar sirri. Kafin ka sayar da waya ko ka kyautar, ka fita daga asusunka ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Murnar samun sabon fasfo ko takardar ɗaukar aiki kuma, a yi ta ba tare da an ɗora hoton a Facebook ba.

Mataki na 5: Ka tsare layin wayarka

Lambar shaida ita kaɗai ba kasafai take isar ɗan damfara ba. Yana buƙatar lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta saƙo, kuma hanya biyu yake bi ya same ta. Ko dai ya je kamfanin waya da bayananka ya ce layinsa ya ɓace a ba shi sabo, ko ya kira ka ya sa ka karanto masa da bakinka.

Ta biyun ta fi yawa. Zai kira ka da cikakken sunanka, ya faɗi ranar haihuwarka, har ya karanto maka wani ɓangare na lambarka, sannan ya ce za a rufe asusunka yau in ba a sabunta ba. Sanin bayananka ba hujja ba ce cewa daga banki yake, hujja ce kawai cewa bayananka sun fita. Kashe wayar, ka kira lambar da ke bayan katin bankinka. Gaggawar da yake ɗora maka ita ce jarinsa.

Ka sa wa sim ɗinka lambar sirri, yadda in an zare shi aka sa a wata waya ba zai yi aiki ba. Ka kula, kuskure uku yana kulle shi, sai da lambar buɗewa ta kamfani. Ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu a imel da WhatsApp. In kuma layinka ya ɗauke haka kawai alhali na mutanen da ke kusa da kai suna aiki, kada ka jira gari ya waye, nemi kamfanin da bankinka nan take.

Mataki na 6: Ka yi amfani da haƙƙin da doka ta ba ka

Ba alfarma kake roƙo ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta ba mutum damar ya tambayi kamfani abin da ya ajiye a kansa, a amsa masa cikin wata ɗaya, ya kuma nemi a goge in babu dalilin riƙewa. Ghana ta yi tata dokar a 2012, Kenya a 2019, Najeriya a 2023. A Indiya kotun ƙoli ta yanke a 2017 cewa sirrin mutum haƙƙi ne na tsarin mulki, a 2018 kuma ta soke tilasta haɗa Aadhaar da asusun banki da layin waya. Birtaniya ma ta taɓa kafa rajistar katin ɗan ƙasa da dokar 2006, sai ta soke ta a 2010, aka lalata rumbun a 2011.

A aikace, in ka nemi haya ko aiki ba ka samu ba, rubuta musu gajeriyar wasiƙa ka ce a goge kwafin katinka a kuma sanar da kai. Wasu za su yi kunnen uwar shegu, amma wasiƙar tana nan a matsayin shaida in ka kai ƙara hukumar kare bayanai.

Mataki na 7: In aikin gama ya gama

Kati ya ɓace, ko ka ga bashin da ba ka ci ba, ko layin da ba ka yi wa rajista ba. Fara da banki da kamfanin waya, don nan kuɗi ke zurarewa. Daga nan ka sanar da hukumar da ta ba da katin a soke shi, ka kai rahoto wurin 'yan sanda ka karɓi takarda mai kwanan wata. Wannan takarda ita za ta wanke ka ranar da aka zo neman wanda ya aikata laifi da sunanka. Ka canza kalmar sirrin imel kafin sauran, tunda ta nan ake sake saita su duka.

Inda ake da hukumomin ajiye tarihin bashi, nemi rahotonka ka duba. A Amurka tun 2018 kyauta ne mutum ya kulle nasa, yadda ba mai buɗe sabon bashi da sunansa. Indiya tana barin mutum ya kulle zanen yatsunsa a rumbun hukuma har sai ya buɗe da kansa. Canza lambar ɗungurungum abu ne mai wuya, Koriya ta Kudu sai a 2017 ta fara yarda, shi ma ga wanda ya nuna an cuce shi ko ana dab da cutar da shi.

Ka ci gaba da sa ido ko bayan ƙura ta lafa, domin bayanan sata sukan yi shekaru ana cinikinsu kafin a taɓa su. Wannan sa idon ya haɗa da takardun yara da na tsofaffi da na mamata, waɗanda ba wanda ke duba asusunsu. Yaro kan iya girma ya je buɗe asusunsa na farko ya tarar an riga shi. Na mamaci kuwa, a kai rahoton rasuwar ga hukumar da ta ba da katin da kuma bankinsa, a rufe layin wayarsa ko a mayar da shi sunan magaji, kafin kamfani ya sake sayar da lambar ga wani.