Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da tsarin GROW a zaman horarwa

Tsarin GROW, wanda aka samar a Birtaniya a shekarun 1980, kuma John Whitmore ya yaɗa shi ta littafinsa na 1992, ya raba zaman horarwa, wato tattaunawar da mai horarwa ke taimaka wa mutum da tambayoyi ya nemo mafita da kansa, zuwa matakai huɗu: fayyace buri, nazarin halin da ake ciki, zaƙulo hanyoyin da za a iya bi, sannan ɗaukar ƙudurin abin da za a aikata. Sauƙinsa ne ya sa ya karɓu a wuraren aiki, kuma sauƙin nan ne yake yaudarar masu horarwa da dama, har su ɗauka cewa wanda ya haddace matakan ya iya aikin.

Kuskure mafi tsada yana faruwa ne tun a mintunan farko, lokacin da mai horarwa ya karɓi maganar farko da aka gaya masa a matsayin buri. Idan ma'aikaci ya ce yana so ya iya tsara lokacinsa, wannan fata ne kawai, domin ba a san abin da zai canja a ayyukansa ba idan hakan ta tabbata, ba a kuma san yadda za a gane an cimma shi ba. Binciken da Edwin Locke da Gary Latham suka shafe shekaru suna yi ya nuna cewa buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi sa mutum ƙwazo a kan umarnin ya yi iya ƙoƙarinsa. Gyaran shi ne a dakata a nan, a tambaye shi abin da yake so ya fita da shi daga wannan zama, da kuma alamar da za ta nuna masa cewa ya samu. Sau da yawa sai a gano cewa matsalar ba ta lokaci ba ce, yana jin nauyin ƙin karɓar aikin da abokan aikinsa suke ɗora masa ne. Ya kamata kuma a bambanta babban buri, kamar samun ƙarin girma, wanda hukuncinsa yana hannun wasu, da burin aiki da ke hannun mutum, kamar miƙa rahoto kafin wa'adi. A kan na biyun ake gina zama, na farkon kuwa shi ne yake ba da kuzari.

Akwai wata matsala da ta fi shafar shugabannin da ke horar da na ƙasa da su, wato su shigo da burinsu su laƙaba wa ma'aikaci. Ko da an auna burin da ma'aunin SMART, wanda George Doran ya gabatar a 1981 don duba ko buri takamaimai ne, mai aunuwa, mai yiwuwa kuma mai wa'adi, ya cika dukkan sharuɗɗa, ba zai yi ƙarko ba matuƙar mai shi bai ji cewa nasa ne ba.

A mataki na biyu, wasu sukan tsallake nazarin halin da ake ciki domin suna ɗokin kaiwa ga mafita, kuma a nan ne sauri kan haifi nawa, saboda za a nemo magani ga cutar da ba a tantance ba. Wasu kuma sukan bar zaman ya koma dandalin koke-koke. Abin da ake nema shi ne bayani zahiri: abin da ya faru, lokacin da ya faru, abin da aka riga aka gwada da sakamakonsa. Whitmore ya ja hankali game da tambayar “don me”, domin takan sa mutum ya shiga kare kansa maimakon ya bayyana gaskiyar lamari. Idan aka ce “me ya hana aikin kammaluwa?” an fi samun amsa mai amfani.

Wajen zaƙulo hanyoyi, jarrabawar da ke gaban mai horarwa ita ce riƙe bakinsa. Yana da ƙwarewa, yana ganin mafita, shirun da ya biyo bayan tambayarsa kuma yana yi masa nauyi, sai ya cike shi da shawara. A ganina wannan ne wurin da aka fi raba mutum da haƙƙinsa na yin tunani. Ya kamata mai horarwa ya bar shirun ya yi aikinsa, ya riƙa cewa “sai kuma me?” har a tara hanyoyi da dama kafin a fara tace su. In yana da shawara, ya nemi izini ya kawo ta a ƙarshe, a jera ta tare da sauran.

Ba dole ba ne a bi matakan a jere kamar ana cike fom. Idan nazarin halin da ake ciki ya nuna cewa burin farko bai dace ba, a koma a sake shi.

Matakin ƙarshe shi ne wanda lokaci ya fi ƙurewa a kansa, sai a tashi da “zan gwada”. Binciken Peter Gollwitzer ya nuna cewa mutumin da ya ƙayyade lokaci da wuri da yadda zai aiwatar da niyyarsa ya fi kusa da cika ta. Saboda haka a ware wa wannan mataki lokacinsa tun farko, a tambayi ranar da za a fara, cikas ɗin da ake hasashe, da wanda za a nemi taimakonsa. Sannan a nemi mutumin ya auna ƙudurinsa daga 1 zuwa 10. Idan ya gaza 8, a rage girman aikin ko a tsawaita wa'adinsa har ya kai matsayin da zai iya ɗaukar alkawari da gaske. Shi ne ya kamata ya rubuta matakan da kalmominsa, kuma da bitarsu za a buɗe zama na gaba kafin a taɓa wani sabon batu.